Ranar da Aka Cire wa Tafinta Hula a Misfala

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa wani likita tafinta a unguwar Misfala, a ƙasa mai tsarki, duk da cewa na sha roƙon Allah Ya mantar da ni ita.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne a lokacin. A nan ƙasar aka haife ni, a unguwar Tandabawi, kakata ce ta rene ni, shi ya sa Hausata ta fi ta tsarana nuna. Aikina a wata saidaliyya ne, wato kantin magani, a unguwar Zahir. Ba ni ke ba da maganin ba, ni ne mai sauke kwali da jera kwalabe a kanta. Amma ina sa farar riga kamar kowa a wurin, kuma idan tsohuwa ta shigo ta ce, "Daktur, sannu da aiki," ban taɓa ɓata mata rai da gyara ba.

Daga jera kwalabe na fara karanta 'yan takardun da ke cikin kwalaye, daga nan na koma karanta binciken likitoci a waya (kanun kawai nake karantawa, cikin yana yi mini tsawo). Kafin shekara ta zagayo na zama annoba a majalisar unguwa. Duk wanda ya ce ya sha jiƙo ya ji sauƙi, sai in gyara zama in ce, "An gwada shi a kan mutum nawa?" Malam Isa, maƙwabcinmu mai ɗinki, ya taɓa yabon ganyen sabara a gabana. Na yi masa lacca har shayinsa ya huce, ya tashi bai sha ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, a ƙarƙashin hular da ba na rabuwa da ita, gashina ya fara ƙaura tun ban kai talatin ba. Shekara biyu cur, duk Alhamis bayan la'asar, nakan bi ta lungun baya in je wurin Baba Haruna, wani dattijo mai magani a Misfala, abokin marigayi mahaifina. Yana haɗa mini wani baƙin mai da man darbejiya da tafarnuwa da wasu saiwoyi da alhazai ke kawo masa daga gida. In shafa da safe, in bi da turare, in kifa hula. Na sa ya yi mini alkawari ba zai gaya wa kowa ba.

Ana haka sai mai saidaliyyarmu ya haɗa ni da Daktur Adil, wani matashin likita mai bincike. Yana son sanin magungunan gargajiyar da tsofaffi masu ciwon suga ke sha tare da na asibiti: wanne ke taimakawa, wanne ba ya komai, wanne kuma ke faɗa da ƙwayar da aka rubuta musu. Yana neman wanda zai juya masa maganar tsofaffin da Larabcinsu bai kai na doguwar hira ba. Mutum ne mai shiru, ban taɓa jin wata kalma daga bakinsa ba sai Larabci. Na ce a raina, yau kimiyya ta gane ɗanta.

Kwana shida muna yawo gida-gida, kuma a nan zan faɗi gaskiya: ban yi tafinta ba, miya na yi, ina zuba mata yajina. Wani tsoho ya ce, "Ina shan ƙwayar asibiti, ina kuma tafasa zogale, alhamdu lillahi ina jin ƙarfi." Na juya na rage murya na ce wa Daktur, "Ya ce yana shan ganye, amma shi kansa ya san jahilci ne." Daktur ya dube ni, ya rubuta wani abu a littafinsa. Na ɗauka burge shi na yi, sai na ƙara yaji a gida na gaba.

Matsalar ita ce, kusan kowa muka tambaya inda yake samun magani sai ya ce, "Wurin Haruna na Misfala." Ran na shida Daktur ya ce dole mu ga mutumin nan. Na ce ina jin ya tafi Madina. Ya ce za mu jira shi. Na ce kunnensa ya yi nauyi, ba za mu samu komai ba. Ya ce ai shi ya sa ya ɗauko mai ƙarfin murya irina.

"Tayyib, shi ke nan," in ji shi, "gobe bayan la'asar."

(Goben kuwa Alhamis ce. Ko ranar ma ba ta rufa mini asiri ba.)

Muka kutsa ta cikin masu umara da ke tafe a ƙafa, muka shiga ɗakin Baba Haruna, wannan karon ta ƙofar gaba. Dattawa uku na zaune a kan darduma suna shan shayi, na tsakiyarsu kuwa Malam Isa ne. Baba na ganina ya miƙa hannu zai ɗauko kwalbata. Na yi tari mai ƙarfi na ce, "Baba, baƙo na kawo maka, likita ne." Ya mayar da hannunsa, na yi ajiyar zuciya.

Da farko komai ya tafi daidai. Baba ya ce shi ba ya taɓa ce wa mai ciwon suga ya bar ƙwayar asibiti, kuma wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsa yakan kore shi zuwa wurin likita. Wannan ma sai da na rage masa gishiri kafin na juya. Can sai Daktur ya ce in tambaye shi ko akwai wanda ya daɗe yana amfani da wani maganinsa ba fashi, wanda za a iya gani da ido a auna sakamako.

Na yi tambayar ƙasa-ƙasa, da fatan kunnen zai taimake ni. Ranar kunnen ya ji sarai.

Fuskar Baba ta washe. Ya ce, "Kai, ɗana, ai ga ka! Shekara biyu ba ka taɓa fashin Alhamis ba."

Na ce, "Baba, alkawarinmu."

Ya ce, "Mutane na ce ba zan gaya wa ba. Wannan likita ne, ana ɓoye wa likita ciwo?"

Na matsa kusa da Daktur na ce da Larabci, da sauri, "Ya ce duk waɗanda suka daɗe sun koma Najeriya."

Daktur Adil ya ajiye alƙalami. Ya tsallake ni da ido, ya dubi Baba, ya buɗe baki da wata Hausa mai ɗingishi ya ce, "Baba, shi wannan, mene ciwo nasa?"

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, na kuma ja ta na rufe. Kafin in samu abin cewa, Baba ya miƙo hannu cikin jin daɗin mai nuna gonarsa, ya ɗage mini hula. Fitilar ɗakin ta sauka a tsakar kaina ta dawo. Warin tafarnuwa da darbejiya, wanda ya wuni a tsare, ya samu 'yanci ya cika ɗakin. Wani dattijo ya ja kofinsa gefe.

Daktur bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Tashi ya yi ya leƙa kan nawa da kyau, ya ce, "Da can, yaya?"

Baba ya zana da yatsa ya ce, "Da akwai ɗan saura nan da nan."

"Yanzu fa?"

"Yanzu fili ya buɗe. Ai maganin zai fi samun hanyar shiga."

Malam Isa ya kurɓi shayinsa a hankali, ya ajiye, ya ce, "Daktur ƙarami, shin wannan man, an gwada shi a kan mutum nawa?"

Sauran biyun suka kwashe da dariya har ɗaya ya ƙware.

A mota Daktur ya koma Larabcinsa ya ce kakarsa Bakatsiniya ce. Yana jin Hausa kusan duka, mayarwa ce ba ya iyawa. Tun gidan farko ya gane abin da nake yi, ya raba shafi biyu: gefe ɗaya abin da tsoho ya faɗa, ɗaya gefen abin da na faɗa.

"Ni ban zo in kunyata ganye ba," in ji shi, "kuma ban zo in yabe shi ba. Idan tsoho yana haɗa ƙwaya da jiƙo, ina bukatar in san gaskiyar abin da yake sha, don ransa ne a ciki. Kai kuma ka riga ka rubuta sakamako tun ba a fara ba."

Bai kore ni ba, abin da ya yi ya fi kora. Ya sa muka sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ina juya maganar kowa yadda ya faɗe ta. Labarin kuwa ya riga mu isa. Duk gidan da muka shiga, kafin a amsa sallama sai an dubi hulata, wata tsohuwa ma har ta ba ni shawarar in gwada albasa.

Da muka gama na tafi wurin mai aski na ce ya kwashe abin da ya rage. Ya dubi kan ya ce, "Ya shaikh, wanne daga ciki?"

Darasin da na koya biyu ne. Mai shiru ba kurma ba ne, kuma raina maganin mutane ba shi ne ilimi ba, sau da yawa wanda ya fi kowa kushe kasuwa da rana shi ne mai bi ta bayan rumfa da yamma. Makon jiya Baba Haruna ya aiko mini da saƙo cewa an kawo masa wata sabuwar saiwa, wadda ko dutse aka shafa wa sai ya yi gemu. Ban je ba.

Tukuna dai.