Sanarwar Rasuwar Faifan Ajiyar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata kunya da ban san inda zan kai ta ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan hulɗa rasuwar tsohon faifan ajiyar kwamfutar shagonmu na buga kati. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayin mai riƙon amana ne. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ya haɗa manhajar da ke jera mana aiki, ya saita ta yadda duk saƙon da ta fitar zai bi hanya biyu: ya fito a allo, ya kuma sauka a faifan. Har shi kansa Yaya yakan cusa nasa rubutun a ciki, abin da ya gyara da abin da ke cin ransa. Ba ya faɗa wa mutum, sai faifai.

Bayan rasuwar Yaya na kasa jure ganin saƙonnin, don da irin bakinsa ya tsara su. Sai na shiga saiti na toshe hanyar allo, na tura komai wajen marigayin shi kaɗai. Ban yi tunanin cewa har kukansa na neman ɗauki can zai riƙa sauka ba. Mai gyara ya ce lallai ya yi watanni yana rubuta cewa ba shi da lafiya, ba mai karantawa. Mu dai abin da muka ji, “ƙas, ƙas, ƙas,” sai shiru. Har yanzu in na kunna kwamfutar kunnena na jiyo shi.

Ya rasu ya bar allo ɗaya, da firinta mai tari, da manhajar da kullum safe take aika saƙo gidan da ba kowa. Ya bar ni, sakaran da ya rufe masa baki.

Za a naɗe shi a hankicin Yaya ranar Asabar da la'asar, a sa shi a durowar ƙasa, ba za a kai shi wajen 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa ba. Inna za ta halarta. Ina roƙon masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada wani ya tambaye ni a gabanta abin da Yaya ya rubuta a makonsa na ƙarshe. Shekara uku ina ce mata sai na samu ƙarfin zuciya zan buɗe in karanta mata.