An Kori Injin Gwajin Suga Daga Aiki

Jiya na wuni da yunwa saboda lafiyar al'umma, kuma har yanzu ban ga lafiyar ba. Bari in ba ku labari tun ban huce ba.

Yayata ce dalili. Bayan rasuwar maigidana ta dawo gidana da zama don ta ɗebe mini kewa, sai ga shi ni ce na koma gadinta. Ruwa take sha kamar ana zubawa a rami. Ba ta gama zama ba ta miƙe sai banɗaki. Zanen da a da yake kama ta daidai, yanzu sai ya zagaye ta har da saura. Ni kuwa na san wannan hanya, don na raka mutum a kanta har ƙarshe. Haka baban yara ya fara. Muna cewa zafi ne, muna cewa gajiyar aiki ce, sai da ɗan ƙurji a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa sannan aka ce mana ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa.

Duk ranar da na ce mu je a gwada ta, sai ta ce, "Auta, ke tun da aka yi miki rasuwa kowa mara lafiya ne a idonki. Ko akuya ta sha ruwa sai ki ce a kai ta asibiti."

Ana haka sai mota mai lasifika ta zagayo unguwa, wai za a yi gwajin suga kyauta a harabar ƙaramin asibitinmu, kowa ya zo da safe kada ya karya. Kalmar kyauta ce ta fito da Yaya, ba ni ba. Ta ce sau ɗaya za ta je, don in rufe mata baki.

Mun tarar an kafa rumfa, an jera kujeru masu laushi a inuwa, babu kowa a kansu. Mu aka nuna mana rana. Nas tana zaune a teburinta da auduga da ɗan injin gwajin, bai fi wayar hannu girma ba. Komai a shirye yake, amma ba za a fara ba, domin tsari ya ce yatsan Mai Girma Uban Marasa Lafiya za a fara caka a gaban masu hoto. Kun san jinin talaka ba ya shiga gaban na manya.

A gabanmu a layi akwai telan bakin titinmu, wanda ya daɗe da ciwon. Na ce, "Malam, kai da kake da inji a gida, me ya kawo ka?"

Ya ce, "Na zo in ga ko nasu ya fi nawa tausayi."

Rana ta take tsaka. Tsofaffi suka fara zama a ƙasa. Yaya ta ce da ta san azumi za ta yi, da ta ɗaura niyya ta samu lada.

Can sai jiniya. Gaskiya Mai Girma ya burge ni. Ya yi jawabi a kan muhimmancin zuwa asibiti da wuri, kuma ya faɗe shi da ƙarfin zuciya a gaban mutanen da suka riga shi zuwa da rabin wuni. Ba kowa ne ke da wannan baiwar ba. Amma ni ba bakinsa nake kallo ba. Gorar ruwa ce ake miƙa masa, ya shanye a miƙo wata. Ana tsakiyar jawabi ya fita, mai gabatarwa ya ce ganawar gaggawa ce. Ya dawo, bai jima ba wata ganawar ta taso, a ɗaki guda, can bayan gini. Na zunguri Yaya, ta ce in bar ta da yunwarta.

Aka zo gwaji. Ya miƙa yatsa yana murmushi, aka caka, aka ɗau hoto. Kafin nas ta buɗe baki, mai gabatarwa ya leƙa injin ya ɗaga makirfo. Ya ce jama'a su ji, Mai Girma ya samu ɗari uku da ɗoriya, wanda duk ya isa ya zo ya kamo shi. Mutanen rumfa suka miƙe da tafi. Tela bai tafa ba, hularsa ya cire ya share gumi. Ni ma ban tafa ba. Fuskar nas na kalla, na gane ta, don an taɓa kallon baban yara da irinta.

Nas ta sunkuya ta raɗa wa Mai Girma magana. Murmushin ya tafi. Muƙarrabai suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sai mai gabatarwa ya dawo da gyara. Wai an gano injin yana da matsala, an dakatar da gwaji, an kafa kwamiti ya binciki wanda ya kawo shi. Wani ƙato ya ɗauki injin da hannu biyu ya kai mota, kamar an kama ɓarawo. Sannan don a ba mu haƙurin yunwa, aka raba wa layin masu gwajin suga lemon kwalba da biskit.

Na bi nas ɗakinta. Na ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, injin nan ya lalace?"

Ta duba ƙofa. Ta ce, "Mama, da yatsana na gwada shi da safe. Ki kawo yayarki in sun dawo mana da shi."

Na fito da saurina in gaya wa Yaya, na same ta ta shanye lemonta tana buɗe nawa.

Ta ce, "Kin gani ko? Injin da bai ji kunyar yi wa babban mutum ƙarya a bainar jama'a ba, ni talaka me zai ce a kaina? Kuma ai kin ga yadda yake shan ruwa. In shi lafiyarsa ƙalau, ni ma ƙalau nake. Na je sau ɗaya, na cika alkawari."

To ga inda muke. Na yi magana har na gaji, ta ce ƙanwa ba ta fi kwamiti sani ba.

Saboda haka ga roƙona gare ka, Mai Girma, ranka ya daɗe, in akwai wanda ke karanta maka abin da ba yabo ba. Ban tsane ka ba, tausayinka ma na ji. Baban yara yana da ni, mai mita a kan kowane cokalin suga, duk da haka mun makara. Kai kuwa masu tafi gare ka. Ka je a sake gwada ka, in abin ya tabbata ka sa a faɗa a lasifika, domin Yaya ta fi yarda da lasifika a kan 'yar uwarta. Na san ɗakin masu ciwon ƙafa a asibiti, na san wace taga ce ba ta rufuwa, na san gadon da ke ƙara in an juya mutum. Ba na so in sake zama a gefensa.

In kuma kwamiti ya yanke hukuncin sallamar injin, a miƙo mini shi. Akwai aiki a gidana, kuma mu ba ma korar mai faɗin gaskiya. Iyakarmu mu yi masa fushin kwana biyu.