Rawanina a Kan Ordinatar

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a shekarar farin nan ba, lokacin sojoji na kan mulki, dabbobi kuma na faɗuwa a hanyar Aderbissinat. Ina aiki a biron wata ƙungiya a unguwar Dagmanet ta Agadas, ni ne gwanin ordinatar, wato kwamfuta (horon sati biyu kacal na yi, amma ban taɓa gaya wa kowa ba). A cikinta akwai sunayen makiyayan da za a raba wa dusa. Wanda sunansa ya ɓace, tumakinsa sun tafi ke nan.

Watanni nabigatar ɗin da nake shiga intanet da shi yana roƙona in sabunta shi, ni kuwa kullum "sai anjima" nake danna masa. Da safen ranar na leƙa wani shafi neman labarin ƙwallo.

Da hantsi sai ga kapiten mai sa ido kan rabon, tare da dattawan makiyaya biyar. Ina cikin nuna musu sunayen, sai kibiyar allo ta fara yawo da kanta, tana buɗe dosiye, wato fayil, ɗaya bayan ɗaya, hannuna kuwa yana aljihu. Na gane wani ne ya shigo daga nesa, sai dabara ta faɗo mini: in bai gani ba, ai ba ya sata. Na warware rawanina, na lulluɓe allon ruf.

A Agadas, gaban dattawa, kai ba rawani. Sanƙon da na shekara goma ina ɓoyo ya fito fili. Dattawan suka sunkuyar da kai, suna taya ni jin kunya.

Madam Rabi, sakatariyarmu, ta taso ba gaggawa, ta zare wayar intanet daga bango. Kibiya ta tsaya cak.

"Malam, ɓarawon ba ta gilashi yake leƙowa ba," in ji ta. "Mai da rawaninka."

Ta bayyana wa kapiten cewa tsohon nabigatar na da kafa, buɗe mugun shafi kawai ya isa wani ya riƙa ba na'urar umarni. Sunayen kuwa ta kwafe su a kilenta, 'yar na'urar ajiya da ake soka wa ordinatar, tun jiya.

Wallahi daɗin da na ji ya fi kunyar. Ranar Juma'a aka raba dusa, ba wanda ya rasa.

Yanzu duk na'urar da ta ce in sabunta ta, kafin ta rufe baki na amsa. Sai dai har yau, in na bi ta kasuwar dabbobi, akwai tsohon da ke tambayata ko ordinatar ta daina jin sanyi.