Ankon Ordinater

Wani ne ya je Yamai ya koyo aikin ordinater, wato kwamfuta, ya dawo Filinge yana tafiya yana kaɗa makullai, alhali ko keke ba shi da. Anka ɗauke shi gwaji a wani ɗan gidan rediyo na gari. Madam Balkisa, mai riƙe da gidan, ta ce masa, "In ka kyauta aiki zuwa ranar kasuwa, wuri naka ne. In ba haka ba, sai haƙuri."

Shi kuwa gogan naku tuni ya aika ma dangi har Sanam cewa ya zama ma'aikaci.

Ranar farko ya zauna gaban ordinater ɗin gidan, ya kunna, sai ya dafe kai. Manhajoji uku ne a ciki, kowace da hannun da ya ƙera ta. Ta sa kiɗa baƙa ce wuluk, maɓallanta kewayayyu. Ta ajiye sanarwa fara ce irin ta da, rubutunta ƙanana. Ta ɗaukar murya koriya shar.

Ya ce, "Baba Baƙo, wanga ordinater ne ko kasuwar bisashe?"

Baba Baƙo shi ne tsohon mai sanarwa. Muryarsa har Imanan an san ta, amma idonsa ya daɗe da raina ƙananan rubutu. Ya ce, "Ɗana, mi sunka yi maka? Baƙa kiɗa, hwara sanarwa, koriya murya. Haka muke zaune lahiya."

"A Yamai ba a haka, Baba. Duk kamanni ɗaya ake ba su. Anko zan yi musu."

"Anko? Biki za su?"

 Gogan ya nannaɗe hannun riga ya duƙufa. Wuni guda yana fama, don manhajojin ba uwa ɗaya ba uba ɗaya: ka rina wannan, waccan ta ƙi, ka lallashi waccan, ta ukun ta murguɗe. Amma fa mutumin akwai naci. Kafin la'asar duk sun koma shuɗi. Rubutu iri ɗaya, maɓallai iri ɗaya, har 'yan hotunan da ake latsawa a buɗe su ya mai da su tagwaye. Sunayen da ke saman kowace ma ya ga suna ɓata tsari, ya ɓoye su. Ya ja da baya ya ƙura musu ido, daɗi ya kama shi har da ƙwalla.

Da maraice Baba Baƙo ya shiga shirin sanarwa. Gari duk an kasa kunne. Ya gyara murya: "Jama'a, an ɗaura auren Hafizu da Nasiba. Allah shi ba da zaman lahiya. Ga kiɗa domin amarya."

Ya duba baƙa, babu baƙa. Shuɗi nan, shuɗi can. Ya yi bisimilla ya latsa wadda ta fi kusa. Ashe ta sanarwa ce, kuma tana tsaye a tsakiyar cigiyar wata jaka da ta tsinke igiya. Sai ga muryarsa ta jiya tana fita rangaɗau:

"Gajera ce, tana da cizo, tana da harbi, ba ta son aiki. Wanda duk ya gan ta shi ɗaure ta tamau, shi kai ta gidan Isufu a Tabla."

"Innalillahi!" in ji Baba Baƙo. Ya kai hannu da sauri ya latsa wata. Wannan karon kiɗan ya zo: ganga, kalangu, guɗa, ba abin da babu.

Mutuminku yana bakin taga yana gyaɗa kai. Shi abin da ya gani kawai, allon ya yi kyau.

Washegari tun ba a share gida ba, ga Hajara, gwaggon amarya, ta ɗaure gyale a ƙugu. "Wa ya ce ɗiyarmu na cizo? Shi hito in gan shi! Surukai sun hana ta ɗaka, wai sai an bincika."

Ba ta rufe baki ba, ga Isufu daga Tabla a kan babur ɗin haya, ya yi wujiga-wujiga. "Madam, ni jakata ta ɓace. Tun jiya mutane sun cika mini gida suna barka, suna jiran tuwo. Har maroƙa sun zo!"

Madam Balkisa ta juyo ta dubi mutumin. Shi kuwa bakinsa bai mutu ba.

"Madam, anko ba shi da laihi. Idon Baba ne. Bari ni da kaina in ɗauki ban haƙuri, a sa yanzu-yanzu."

Ya zauna, ya buɗe wata shuɗiya, ya yi bayani mai tsawo har da faransanci. Ya gama ya latsa, bai san ta sanarwa ya buɗe ba. Wani ɗan akwati ya fito da maɓallai biyu. To, a manhajar murya, na dama shi ke ajiyewa. A ta sanarwa kuwa, na dama shi ke sharewa, don riga kawai ya canza musu, hali na nan. Shi kuma da mutane tsaye a kansa, ina ya ga ta karatu? Ya danna na dama da ƙarfin hali.

Fayau! Sanarwar mako duka ta tafi. Ta aure, ta suna, ta rigakafin awaki, har cigiyar jakar Isufu.

Isufu ya leƙo. "Ina jakata?"

"Ta sake ɓacewa," in ji Baba Baƙo.

 Mutumin ya share zufa, ya tuno dangin Sanam, ya sassauta murya.

"Madam, na gano matsalar. Maɓallan ne ba su zauna wuri ɗaya ba. Ki ba ni zuwa azahar in daidaita su. Wanne kike so in hwara taɓawa?"

Madam Balkisa ta miƙa hannu ta nuna.

"Mariƙin ƙohwar can. Guda ɗaya ne, ba ka ruɗewa."