Akwatin Binciken Injiniya Tasi'u

Wani mutum ne a Kantin Kwari, sunansa Tasi'u, amma shi ya raɗa wa kansa Injiniya. Ko cajar wayarka ce ta lalace, sai ya ce ya san wanda ya ƙera ta.

Hajiya Ladidi mai atamfa tana da shafin sayar da kaya a intanet. Masu saye suna ta ƙorafi: ka kuskure harafi ɗaya wajen nema, shafi ya ce babu. Ta ce duk wanda ya gyara, shi zai riƙe shafin, da albashinsa.

Tasi'u ya bugi ƙirji. "Kwana uku, Hajiya. Kuma ni ba na tambayar kowa. Ni ake tambaya."

Sati uku ya yi.

Ran gwaji ya zo da babbar riga, ya jona kwamfuta da talabijin ɗin shago. Maƙwabta suka cika ƙofa.

"Ku dubi akwatin binciken nan," in ji shi. "Sak na manyan kamfanonin duniya. Ni kaina wani lokaci ba na bambance su."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ya rubuta atamfa da kuskuren harafi da gangan, ƙwas ƙwas, sai ga atamfofi reras. Aka yi tafi.

"Kaɗan kuka gani. Duk abin da aka taɓa nema a ciki, yana riƙe da shi. Harafi biyu za ki sa, ya ƙarasa miki. Bismillah, Hajiya."

Hajiya ta gyara tabarau. Yadi take so, ta danna "ya". Jeri ya zubo, zar! Ta fara karantawa da ƙarfi, a natse.

"Yadda ake haɗa akwatin bincike, don ɗan koyo."

Ta gangara ƙasa.

"Ya zan yi, ya ƙi aiki. Ya zan yi, har yanzu ya ƙi aiki. Ya ake kwafo na wani ba a gane ba."

Tasi'u ya share gumi da hula. "Masu saye ne, Hajiya. Mutane ba su da aikin yi."

"Injiniya, ai ba mu buɗe wa kowa sabon akwatin ba tukuna. Kai kaɗai ke da makulli."

Ya miƙa hannu zai rufe kwamfutar. Ta dafe murfin.

"Dakata, saura ɗaya." Ta matso da fuska. "Yadda ake goge abin da na rubuta a nan kafin Hajiya ta gani."

Ta cire tabarau, ta dube shi.

"To, wannan ba su ba ka amsa ba ne?"