Sifaniya a Falo

Wani ne a layinmu, nan Barnsley ta ƙasar Ingila. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu muna haɗuwa a shagon kifi da dankali, kuma mutum ne mai kunya.

Kun dai san yadda kamfanin wuta da gas yake yi da mu. Kowane wata ya zura hannu a asusunka na banki ya cire abin da ya yanka maka, ko ka kunna ko ba ka kunna ba. In abin da ka sha bai kai ba, rarar ta zauna a wajensu da sunanka. To shi bawan Allahn nan da ya gane haka, sai ya mai da kamfanin wuta gidan adashe. Hita ba ta kunnuwa a gidansa. Matarsa Noreen da kwat take girki, da safar hannu take kallon talabijin. In kana son madara ta ɗan yi ɗumi a gidan, firij za ka saka ta.

"Maigida, yatsuna sun mutu."

"Ƙara suwaita."

"Uku ne a jikina."

"To ai akwai ta huɗu a durowa. Yi haƙuri, Noreen. Kuɗinmu na can na taruwa. Ranar da suka cika, Sifaniya zan kai ki, ki sha rana har ki ce ta ishe ki."

Haka baiwar Allahn nan ta yi ta karkarwa shekara da shekaru, har rara ta haura fam dubu.

Ana nan sai ya ji labarin wani sabon kamfani mai rahusa. Rahusar ma ba ta kai kuɗin kofin shayi ba, amma ko kwana bai yi ba ya sauya. Noreen ta ajiye cokali.

"Madalla. Yanzu tsohon kamfani ba shi da hujjar riƙe mana kuɗi. Kira su su dawo da su. Ko dai in ga Sifaniya bana, ko in kwashe kayana in koma gidan ƙanwata Beryl, inda ake cire hula a cikin ɗaki."

Nan fa ake yin ta. Kun san mutumin garin nan. Ka taka masa ƙafa a bas, shi zai ba ka haƙuri. A kawo masa ɗanyen kifi a gidan abinci, ya cinye ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Amma ya buɗe baki ya ce wa mutum ba ni kuɗina? Gara ka ce ya fita titi ba wando.

Ya dai ɗauki waya. Na'ura ta ce yana kan layi, ya jira. Sai ya miƙe tsaye, wai ba a bin layi a zaune. Noreen ta gifta ta gabansa za ta kicin, ya bi ta da harara kamar ta sha gabansa a layi. Can sai wata yarinya ta ɗauka.

"Barka da rana, yallaɓai. Na ga ka bar mu. Gaskiya ba mu ji daɗi ba."

Sai kunya ta rufe shi.

"Don Allah ku yi haƙuri, 'yata. Ba laifinku ba ne. Wutarku ba ta taɓa yi mini komai ba."

"Ba komai, yallaɓai. Da me zan taimaka maka?"

"To, dama... kira na yi in ji ko kuna lafiya. Can wajenku ma ana ruwa?"

"Ana yi tun safe."

"Nan ma haka. Wai har Lahadi."

"Akwai wani abu kuma?"

"Babu, babu. Na ɓata miki lokaci."

Ya ajiye waya yana share gumi, a gidan da ba a taɓa yin gumi ba. Noreen na tsaye a bakin ƙofa.

"Yaushe za su turo?"

"Yarinyar tana da tarbiyya sosai."

"Ba tarbiyyarta na tambaye ka ba."

Ya wuni yana safa da marwa a falo. Da yamma sai ga shi ya shigo kicin yana murmushi, irin na wanda ya gano abin da ya gagari duniya.

"Noreen, na samo dabara. Kuɗin nan na wuta ne, ko ba haka ba? To a wuta zan karɓe su. Mu kunna komai, mu sha abinmu har kwabon ƙarshe, ba sai na roƙi kowa ba. Sifaniyar ce za ta zo mana har gida, ba fasfo ba jirgi."

Noreen ta buɗe baki. Sai ta ga hannunsa a kan makunnin hita, karon farko tun da aka saka ta. Ta rufe bakin.

"Yadda ka gani, maigida."

Jama'a, ban taɓa ganin zafi irin na gidan nan ba. Hita a kowane ɗaki har ƙarshen malejinta. Murhu kai huɗu na ci ba tukunya. Ya fito da kujerun bakin teku biyu ya dasa a tsakiyar falo, ya sa gajeren wando da baƙin tabarau, ƙafafun nan farare sol kamar an feraye rogo. Takardar bango ta fara saluɓowa. In zafin ya yi yawa ba ya ragewa, taga yake buɗewa, wai kada bashin ya daɗe a kan mutane. Ni da kaina na leƙa aron tsani, na fito da kwat a hannu. Noreen kuwa tana miƙe da lemo mai ƙanƙara, fuska ta yi jajir, tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Sai dusar ƙanƙara ta sauka. Duk rufin layin fari fat, nasa kaɗai baƙi, yana tururi, tattabarun unguwa sun yi sahu a kai. A nan kuwa kowa ya san abin da rufi mai tururi yake nufi: wani na noman wiwi a ɗakin sama da manyan fitilu. Ba a jima ba sai ga 'yan sanda biyu, mace da namiji.

Ya buɗe ƙofa da gajeren wandonsa, ya ba su haƙuri tun kafin su yi magana, ya ɗora musu shayi. Suka duba sama da ƙasa, ba su ga ko ganyen latas ba. Macen ta cire hula tana fifita.

"Baba, mene ne haka?"

Ya gyara tabarau ya zayyana mata dabarar daga farko har ƙarshe, yana jiran yabo. Ta dube shi, ta dubi abokin aikinta.

"Baba, ba ka ce ka sauya kamfani ba?"

"Na sauya."

"To wutar da kake sha yanzu, wa zai caje ka?"

Mai gidan ya miƙe a hankali ya bi ɗaki-ɗaki yana kashewa, har fitilar banɗaki. Ya dawo ya ba 'yan sanda haƙuri a kan duhun.

Wata bai ƙare ba sabon kamfani ya aiko da takardar caji, ya kuma ninka abin da yake cirewa sau uku. Mutumin yana zaune da ita a hannu, cikin suwaita huɗu, sai ga Noreen ta sauko da akwati. Ya miƙe zumbur, don duk rowarsa yana son matarsa.

"Noreen, kada ki tafi. Gobe zan kira su. Wannan karon zan faɗa, ko da zan mutu."

"Ba sai ka mutu ba. Na kira su tun ranar da ka tambaye su ruwan sama. Ai da sunana a asusun. Kafin shayina ya huce an gama."

"Kika ce su ba ki kuɗi? Haka kai tsaye?"

"Har godiya suka yi mini."

"Kina sane kika bar ni ina ƙona wuta?"

"Ranar da ɗumi ya fara shigowa gidan nan ne zan yi surutu?"

Ta zaro hular kaba ta ɗora a ka, ta ɗaga tikiti. Ya ƙura ido.

"Guda biyu ne?"

"Biyu."

Ya fara cire suwaita yana murna. "Bari in nemo gajeren wandona."

"Ni da Beryl ne."

"Ni fa?"

"Kai ai ka je ka dawo. Ga kuɗin otal ɗinka nan a hannunka."