Ranar da Na Zama Azurfa Ni Kaɗai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa, da ranar da na tsaya gaban kantar awon kaya a filin jirgin Lome ina roƙon Allah a zuci ƙasa ta tsage in shige.

Mu uku muke zuwa saro kaya. Akwai Hajiya Inno ta Zurmi, ƙawar mahaifiyata, wadda ta fara fatauci tun ana zuwa Kwatano a bayan babbar mota. Ita ta kama hannuna ta sa ni a harkar bayan na ajiye koyarwa a firamare. Akwai Yaya Asabe, 'yar Badarawa da ke aure a Shinkafi, mace marar yawan magana wadda ba ta manta komai. Sai ni 'yar Kaura, da suke kira Malama saboda na yi difloma (ba wani sakamakon kirki na fito da shi ba, amma a cikinmu ni kaɗai ke karanta Turanci ba tare da bin layi da yatsa ba). Kusan duk bayan wata biyu sukan iso gidana da hantsi, don yanzu ba mai kama hanyar Zurmi ko ta Shinkafi da duku-duku. Mu kwana, washegari mu yi Kano mu hau jirgi. Atamfa, leshi da shadda muke kawowa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne awo. Jaka biyu aka yarje wa kowa, abin da ya ɗoru a kai sai an biya, biyan kuma yakan lashe ribar tafiyar. Wata rana a layi muka ga wata mata ta nuna waya, aka karɓi jakarta ta uku ba ko sisi. Hajiya Inno ta bi ta har wurin zama ta tambaya. Matar ta ce kati ne na kamfanin jirgi: kana hawa ana tara maka maki, in ka kai wani mataki a ƙara maka jaka. Tun kafin mu sauka Hajiya ta ɗora mini aikin. In binciko kamfanin da ya fi, duk wanda na zaɓa shi za su bi.

Sati biyu na yi ina bincike. Na zana layuka a takarda kamar mai shirya darasi, na jera kamfani uku. Na farko shi ne mai arahar da muka saba hawa, amma katinsa kujera mai faɗi yake bayarwa, mu kuwa ba faɗin kujera ya kai mu Lome ba. Na biyu makinsa mutuwa yake yi in ka ɗan jima ba ka hau ba. Na uku ya fi tsada, kuma sai ya zaunar da mu rabin yini a Legas, sai dai in ka kai matakin da suke kira azurfa, jaka ta uku kyauta ce. Ko tuwo nake tuƙawa tunanina ɗaya: in na zaɓa wa dattijuwa kamar Hajiya Inno abin da ba shi ba, da wane ido zan kalli mahaifiyata? Daga ƙarshe na yi shahada na ɗauki na uku. Yaya Asabe ta tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata. Na ce mata na karanta shi daga bismilla har tammat.

Na buɗe katin a wayata, da sunana. A lissafina (a yi mini afuwa) abin kamar adashe ne: mu uku mu riƙa zubawa a tukunya ɗaya, ta fi saurin cika. Da muka je wurin ejan ɗin da ke yankar mana tikiti a Kano na ba shi lambar, sai ya ɗago kai ya dube ni.

"Hajiya, lamba ɗaya ce taku duka ukun?"

Sai shakka ta kama ni. Amma Hajiya Inno na zaune gefena tana kallona da alfahari, ina zan iya cewa ban sani ba? Na ce ya sa kawai, na san abin da nake yi. Ya ɗaga kafaɗa ya sa.

Haka muka shafe kusan shekara muna biyan tikiti mai tsada, muna gyangyaɗi a kujerun ƙarfen Legas. Duk dawowa sai in leƙa waya, in ga makin na tafiyar hawainiya, bai yi kama da na mutum uku ba. Sai in kashe wayar, in ce wa kaina ai su kamfani ba sa gaggawa. Sau biyu na ɗauko lambar ejan zan kira, kunya ta hana ni.

Ana saura kwanaki a fara azumi saƙo ya shigo: an kai azurfa. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida, na kira Zurmi, na kira Shinkafi. Na ce wannan tafiyar ta kayan Sallah kowa ta cika jaka uku, kada a ji tsoro. Hajiya Inno ta ba duk unguwarsu labarin ɗiyar ƙawarta mai boko. Yaya Asabe ta karɓi sautun lefen wani gida sukutum. A Lome muka saya har sai da sefa, kuɗin can, ta ƙare a jikinmu tas.

Ranar dawowa na shige gaba, jaka tara na biye da mu, na wuce dogon layi na kai su ɗan gajeren layi mai kafet na masu azurfa. Ina tafe ina ɗaga kai. Ma'aikaciyar wata yarinya ce mai fara'a. Na miƙa mata waya da fasfo uku, na gyara murya na yi mata Turanci. Ta danna na'ura, ta sake dannawa, ta ɗan yamutsa fuska. Ana cikin haka ta ji Hajiya Inno na yi wa Yaya Asabe magana, sai fuskarta ta washe. Ashe 'yar zango ce, kakanninta daga ƙasar Hausa suka zo. Don girmamawa ta ajiye Turanci ta koma Hausa, kuma wannan kirkin nata shi ya kashe ni.

"Mama, ke ɗaya ce azurfa. Waɗannan iyayen nawa ba su da kati, ba su da maki ko guda. Maki na mai sunan da ke kan kati ne."

Na matsa kusa na rage murya, na sake jan ta zuwa Turanci ko asirina zai rufu. Baiwar Allah ta ɗauka ban gane ba ne, ta maimaita da Hausa, da ƙarfi, har 'yan kasuwar da ke dogon layi suka juyo. Ta ƙara da cewa akwai ɗakin hutawa a sama, da shayi da sanyi, zan iya shiga, su sai dai su jira ni a waje.

Hajiya Inno ta dube ni daga sama har ƙasa.

"To, Malama. Ashe shekara guda munka yi muna yi miki rakiya ki zama azurfa."

Yaya Asabe ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗora hannu kan jakarta ta uku ta ce, "Lefen mutane na cikin wagga. Juma'a za a kai shi."

Ba wautar ce ta fi ƙona ni ba, tsoron kada su zaci da gangan na yi ne, na hau bayansu na tara wa kaina. Abin da ya rage kawai in biya da jikina. Na ce a sa jakar Hajiya a gurbin kyautata, ta Yaya Asabe a gurbin ɗaya daga cikin nawa. Jakunkunana biyu muka kira mai masaukinmu ya zo ya ɗauka, ya turo ta mota in hali ya yi. Kafin ya iso, haɗama ta ɗebe ni na shiga bayan gida da turmi huɗu na atamfa na naɗe su a ƙugu ƙarƙashin hijabi. Mai binciken mata ta shafa cikina a hankali, ta tambaye ni da hannu wata nawa ne. Sai da ta sa na kwance su ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a.

Muka sauka Legas. Muna zaune a kujerun ƙarfen nan na ga kafaɗar Hajiya Inno na rawa. Na zaci kuka take yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, har da hawaye. Ta ce ta san ba ni da wayon cuta, da ina da shi da ban yi cikin atamfa ba. Yaya Asabe kuwa sai da aka kai lefen nan lafiya ta soma amsa gaisuwata da sakin fuska.

Kayana sun iso Kaura kwana tara bayan Sallah, masu sautu duk sun ɗinka a wani wuri. A tafiya ta gaba ejan ya buɗe wa kowa katinta, suka faro daga tushe, ni kuma aka yanke mini tara: jakata ta kyauta tasu ce, bi da bi, har ranar da suka kamo ni. A Zurmi yanzu ko yara Malama Azurfa suke ce mini.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na saye shi da tsada: in ba ka gane abu ba, ka tambaya tun kana gida. "Ban sani ba" a gida kyauta ce. A Lome jaka biyu ce kuɗinta.